Taswirar Nélida

Sun ba ni taswira da jajayen allurai,
suka ce duk gidan da tari ya kwana, in soka.
Na soka, na soka,
har tudun nan na bayan Lima
ya koma gadon bayan bushiya.
A gindin tudu kuwa, tsallaken katanga,
inda ake shayar da ciyawa tun asuba,
takarda fes, ko ɗigo babu.

Babban ofis ya duba, ya taɓe baki:
"Mutanen sama ba sa jin magana."
Na rataya jakata, na hau.

Matakala ɗari uku da goma sha bakwai,
an shafe su da rawayan fenti a shekarar zaɓe.
Na ƙirga su, ƙirga ce sana'ata.
A ta ɗari biyu numfashi ya gagare ni,
ni mai huhu biyu lafiyayyu.

Teófilo Ccahuana, lamba arba'in da ɗaya.
Rajista ta ce ya gudu daga magani.
Na same shi zaune a ƙofar langa-langa
yana ɗinke takalmin 'yarsa da waya.
Bai gudu ko'ina ba.
Ya ce, "Asibiti na buɗewa ƙarfe takwas,
motar magina na tashi biyar.
Ke da kika yi karatu, raba mini."
Ya ce, "Ƙwayar nan, in ta faɗa cikin da ba kowa,
bango take ta duka har azahar."

Takardata gurbi biyu gare ta: e, a'a.
Na juya ta, na duba bayanta,
ban ga inda zan ajiye motar ƙarfe biyar ba.

Ɗaki ɗaya, rai bakwai, taga ɗaya,
ita ma an toshe ta da kwali
saboda gajimaren teku da ke saukowa
ya kwana a kan barguna.
Mu muka koyar: a buɗe taga, iska ta shiga.
Uwarsa, Doña Eusebia, ta yi dariyar da ba haƙori:
"In na buɗe, sanyi ya ɗauki jaririn.
In na rufe, tari ya ɗauke shi.
Wanne likita ya fi so?"

Ruwa kuwa, tanka ke kawowa in ta ga dama,
kuɗin durom ɗaya a nan
ya cika baho nawa a tsallaken katanga?
Akwai fosta a jakata,
hoton hannuwa cikin kumfar sabulu.
Ban fito da ita ba.

A makaranta an ce mana cuta makauniya ce,
ba ta tambayar sunan uban kowa.
To, wa ke yi mata jagora
da take hawa tudun nan cikin dare
ba ta taɓa ɓatan ƙofa ba?
Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, na sani.
Shekara tara ina ƙirga ƙadangaru,
ba wanda ya aike ni in tambayi maginin.

Da dare na sayo shuɗɗan allurai a shagon tela.
Na soka famfo, na soka asibiti,
na soka inda kwalta ta ƙare.
Ja na sama, shuɗi na ƙasa,
kamar dangi biyu da suka yi rantsuwa.
Na'urar ofis ta ƙi karɓa,
lambobi kaɗai take ci.
Na ɗaga taswirar, na kafa ta a bangon babban ofis
daidai inda idonsa ke sauka in yana shan shayi.

Yanzu huɗu da rabi nake hawa,
ƙwayoyi a aljihu, kunun hatsi a fulas.
Teófilo na haɗiyewa a tsaye, ya gangara da gudu.
Shi ɗaya ne.
Sauran allurai sittin da uku suna nan,
kuma jiya na ji 'yarsa ta yi tari
sau biyu,
ina daga matakala ta ɗari uku.